Reshen Debian ya ba ni matsala: wa zan kama, uwar ko ɗan?

Wani malami da ke kula da ɗakin kwamfuta a makarantar sakandare ya aiko da wannan tambaya. Ya ɗora wa kwamfutoci goma sha takwas wani nau'in Linux da wasu 'yan sa-kai suka gina a kan Debian (babban nau'in Linux ne da wasu da yawa ke gina nasu a kansa, kuma abin da aka gina haka shi ake kira reshe), saboda ba shi da nauyi kuma tsofaffin injuna suna ɗaukarsa. Bayan ya sabunta manhajojin sai firinta ta daina aiki. Abokinsa ya ce masa kada ma ya wahalar da kansa kai ƙara wurin mutanen Debian, don ba za su saurare shi ba. Shi ne yake tambaya: ashe ba Debian ɗin ce a ciki ba? Haƙƙin wa ne ya gyara? Ya ƙara da cewa yana tunanin haɗa nasa reshen mai Hausa don makarantu, ko shawara ce mai kyau?

Malam, abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Za su iya saurarenka, za kuma su iya cewa ka koma wurin waɗanda suka ba ka, kuma ba son rai ne ke yanke wannan ba. Abin da ake dubawa ɗaya ne: hannun wa ya taɓa ƙunshin manhajar, wato fayil ɗin da ake girka ta da shi, daga ƙarshe kafin ya iso kwamfutarka. Wanda ya taɓa, shi ne mai shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Manhajar da ke tuƙa firinta a kusan kowane Linux sunanta CUPS, kuma ba Debian ce ta rubuta ta ba. Wata ƙungiya ce mai suna OpenPrinting ke riƙe da ita a yanzu. Wani a cikin Debian yakan ɗauko rubutun tushenta, ya ɗaure shi a ƙunshi, ya liƙa masa faci, wato ɗan gyara a rubutun, biyu ko uku don ya zauna daidai da sauran gidan, ya ajiye a rumbun Debian. Daga nan masu reshe su zo. Wataƙila su bar ƙunshin yadda yake, wataƙila su kwance shi su ƙara nasu. Ka ga hannu uku ke nan aƙalla: marubutan asali, uwar gida, da reshe. Matsalar firintarka na iya kasancewa a hannun ko wanne.

Ba sai ka yi duba ba kafin ka gane. Buɗe allon umarni a ɗaya daga cikin kwamfutocin ka rubuta apt policy cups. Zai nuna maka sigar da ke kan injin, da wadda zai ɗauko in ka sabunta, sannan a ƙasa ya jera adireshin rumbun da kowace ta fito. Tsaya ka karanta lambar da kyau, domin takardar haihuwa ce. Idan ka ga abu irin 2.4.2-3+deb12u5, to 2.4.2 lambar marubutan asali ce, 3 ɗin da ke bayan karan ɗori na nufin karo na uku ke nan da Debian ta ɗaure wannan sigar, wutsiyar deb12u5 kuwa gyara na biyar ne da aka yi wa wannan ƙunshin a Debian 12 bayan fitowarta. Idan adireshin da ke ƙasa na deb.debian.org ne ko security.debian.org, ƙunshin na Debian ne tsantsa, babu wanda ya sa masa hannu. Amma da zarar ka ga wutsiya mai ɗauke da wani suna, kamar ubuntu, ko devuan, ko kali, ko mx, ko ka ga adireshin rumbun ba na Debian ba ne, an taɓa. Sai ka ƙara da apt show cups, ka duba layin mai kula da ƙunshi, ka ga sunan wa ke wurin. Ka yi haka ga cups-filters da direban firintar ma, don sau da yawa ba babban ƙunshin ke da laifi ba, na gefensa ne.

Su kansu rassan ba hali ɗaya gare su ba, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Akwai waɗanda ke zaune a tsakar gidan uwa, suna ci daga rumbunta kai tsaye, sai ɗan ƙaramin rumbu nasu a gefe. Linux Mint, wadda Clement Lefebvre ya fara a 2006, haka take da Ubuntu, wadda ita ma reshen Debian ce: mafi yawan abin da ke kan injin daga sabar Ubuntu yake saukowa, na Mint ɗin su ne fuskar Cinnamon da kayan aikinta da 'yan ƙunshin da suka canza. Devuan ma haka take da Debian. Ta ɓalle ne a ƙarshen 2014 bayan Debian ta zaɓi systemd a matsayin manhajar da ke tayar da ayyukan inji, ta fitar da sigarta ta farko a 2017, amma ƙunshin da ta sake ɗaurewa 'yan kaɗan ne, waɗanda suka jingina da systemd. Sauran dubban kuwa, in ka nema sai rumbunta ya tura ka na Debian.

Akwai kuma waɗanda suka kwashi kaya suka yi nasu gidan. Ubuntu ce babbar misali. Tun fitowarta a watan Oktoban 2004 take kwaso rubutun tushe daga ɓangaren Debian da ake kira sid, inda sababbin abubuwa ke fara sauka, ta sake gina komai da injunanta. Ko ƙunshin da ba ta canza wa harafi ɗaya ba, abin da ya fito daga tukunyarta ba shi ne na Debian ba, domin na'urar harhaɗawa da ɗakunan karatun manhaja da aka gina shi da su daban ne. Raspbian, reshen da aka yi wa 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, ita ma dole ce ta sa ta yin haka a 2012: ginin Debian na irin waɗannan injuna, mai suna armhf, yana buƙatar ƙwaƙwalwar ARMv7, Raspberry Pi na farko kuwa ARMv6 gare shi, sai Mike Thompson da Peter Green suka zauna suka sake gina rumbun kusan gaba ɗaya. Mai amfani da irin wannan reshe, ƙararsa a gidan reshen take farawa ko da yaushe. Su ne za su tace, in sun ga matsalar ta gado ce su miƙa ta sama.

To me ya sa mai kula da ƙunshi a Debian zai ce ka koma gida? Ba girman kai ba ne, ko da yake ban ce babu masu kaushin harshe ba. Mutum ne da yawanci ba a biyansa ko sisi, yana aikin da dare bayan ya taso daga inda yake neman abinci. Hanyar da yake gyara matsala ita ce ya sa ta sake faruwa a kan injinsa ya gani da idonsa. Idan kanel ɗinka, wato zuciyar Linux da ke magana da na'urori, daban ne, saitunanka daban, an kuma liƙa wa ƙunshin facin da bai taɓa gani ba, zai kwana uku yana neman abin da babu shi a gidansa. Kamar ka kai wa makanike babur ɗin da wani ya riga ya canza wa kafireta da wayoyi, ba ka faɗa masa ba, ka ce jiya lafiya lau yake.

An sha rigima a kan wannan. A shekarun farko na Ubuntu, ƙunshi yakan isa hannun jama'a ɗauke da sunan mutumin Debian a matsayin mai kula da shi, alhali an canza abin da ke ciki. Sai ƙorafi ya riƙa sauka a akwatin mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. 'Yan Debian suka yi magana, Ubuntu ta gyara tsarinta: yanzu ana sa sunan masu haɓaka Ubuntu a layin mai kula, a mayar da sunan ɗan Debian wani layi dabam da ke nuna shi ne na asali. Ita ma Debian an taɓa yi mata irin wannan kukan daga sama. A 2016 Jamie Zawinski, marubucin XScreenSaver, ya gaji da samun rahoton matsalolin da ya daɗe da gyarawa daga mutanen da ke amfani da tsohuwar sigar da ke cikin Debian, har ya ce gara su cire manhajarsa daga rumbunsu. Kowa a wannan sarƙa ɗa ne a wurin wani, uwa a wurin wani.

Firinta ma ƙaramin abu ce. Inda nake so ka buɗe ido shi ne gyaran tsaro, domin can ne sakacin reshe ke yin ɓarna ba tare da ƙara ba.

Manhajar apt, mai girka ƙunshi da sabunta shi, ba ta san uwa ba ta san ɗa ba. Lamba take kwatantawa, da fifikon da aka ba kowane rumbu. A bisa al'ada kowane rumbu na da fifiko 500, reshe kuma yakan ɗaga nasa sama, kamar yadda Mint ke ba wa nata 700, don kada sabuntawar uwa ta zo ta share canjin da ya yi. Dabara ce mai ma'ana, amma duba abin da ta haifar. Daga ranar da reshe ya rufe wani ƙunshi da nasa, gyaran da uwa za ta fitar wa wannan ƙunshin ba zai ƙara isowa gare ka ba, sai wani a reshen ya farka, ya ɗauko gyaran, ya haɗa da nasa facin, ya sake ginawa, ya fitar. In ya yi tafiya, ko ya yi aure, ko ya gaji, ƙofar tana nan a buɗe, injinka kuma zai ci gaba da ce maka babu sabon abu.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami, kuma babu wanda ya tura ni. A wani wurin aiki da na riƙe kwamfutoci, wata na'urar ɗaukar hoton takardu ta ƙi aiki da sigar da ke rumbu, sai na liƙa wa ƙunshin facin layi huɗu, na gina, na ɗaga lambarsa sama sosai don kada wani abu ya taka shi. Aiki ya yi kyau, aka yi ta sa mini albarka. Wata da watanni suka wuce. Ran nan ina binciken wani abu dabam na buga apt policy, sai ga tawa sigar zaune a sama kamar sarki, a ƙarƙashinta kuma gyare-gyaren uwa da suka fito tun tuni suna jira, babu wanda ya shiga. Gumi ya karyo mini duk da sanyin ɗakin. Ƙunshi ɗaya tak na taɓa, kuma na kasa riƙe shi. Ka auna wanda ya taɓa ɗari biyu.

Kuma wannan ya shafi firinta kai tsaye. A ƙarshen Satumban 2024 aka fallasa wasu ramuka a dangin CUPS, musamman cups-browsed, wanda ke sauraron sanarwar firintoci a kan hanyar sadarwa. Mugu zai iya cusa wa kwamfuta firintar bogi, wadda in aka aika mata aiki sai ta gudanar da umarninsa. Debian da Ubuntu sun fitar da gyara cikin 'yan kwanaki. Reshen da ke ci daga rumbunsu bai taɓa waɗannan ƙunshin ba ya samu gyaran yana barci. Wanda ya riga ya rufe su da nasa kuwa, sai ya tashi da kansa.

Kada ka ɗauka uwa ba ta kuskure. Mafi munin labarin faci da na sani a gidan Debian ya faru. A 2006 mai kula da ƙunshin OpenSSL, manhajar sirranta bayanai, ya cire wasu layuka don kawar da gargaɗin da wata manhajar bincike mai suna Valgrind ke bayarwa. Ya ma tuntuɓi marubutan asali, amma maganar ba ta samu duban da ya kamata ba, facin kuma ya zauna a Debian kaɗai. Ashe ɗaya daga cikin layukan shi ne ke zuba wa injin ƙirƙirar mabuɗan sirri abin da ke sa ba a iya cankarsu. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano cewa mabuɗan da ake ƙirƙira ba su wuce 32,768 ba ga kowane iri da girma, adadin da kwamfuta za ta gwada kaf cikin ɗan lokaci. Ubuntu ba ta rubuta facin ba, gadonsa ta yi, amma hakan bai ɗauke mata komai ba. Dole ta fitar da nata gyaran, ta sanar da nata mutanen su sake mabuɗai. Abin da ka miƙa wa jama'a da sunanka, kai za a tambaya, ko da a sama aka ɓata shi. Bambancin kawai shi ne a wannan hali kana da inda za ka miƙa kuka.

Me uwa take bin ɗa, me ɗa yake bin uwa? A shari'ance kaɗan ne ƙwarai. Lasisin GPL, wanda manhajojin Linux da yawa ke ƙarƙashinsa, da 'yan'uwansa sun ba kowa damar ɗauka, canzawa da rabawa, kuma sun faɗa ɓaro-ɓaro cewa babu garanti. Yarjejeniyar da Debian ta rubuta wa al'umma a 1997 ta yi alkawarin barin wasu su gina nasu a kanta ba tare da biyan kuɗi ba, da mayar da gyare-gyare ga marubutan asali, da rashin ɓoye matsaloli. Babu inda ta ce za ta yi renon abin da wani ya gina. A ɓangaren reshe, abu biyu ne dole. Na farko, in ka raba manhajar GPL, wajibi ne ka samar da rubutun tushenta. A 2006 an ja hankalin mai wani reshe da ake kira MEPIS a kan wannan, cewa nuna wa mutane rumbun uwa bai wadatar ba, shi mai rabawa shi ke da alhakin samarwa. Na biyu shi ne suna. Lasisi ya ba ka manhaja, bai ba ka tambari ba. Debian da kanta ta shekara goma, daga 2006 zuwa 2016, tana kiran Firefox ɗinta Iceweasel saboda saɓani da Mozilla a kan suna da facin da take liƙawa. Canonical, kamfanin da ke da Ubuntu, ma tana da ƙa'ida a kan wanda zai kira abinsa Ubuntu.

Uwa kuma tana iya juya baya in ta ga dama. Mutanen CentOS, kwafin kyauta na RHEL, wato Linux ɗin kamfanin Red Hat, sun gani. An sa ran CentOS 8 zai samu kulawa har 2029, sai a Disambar 2020 Red Hat ta sanar cewa ƙarshen 2021 za a rufe shi. Rocky Linux da AlmaLinux suka taso don cike gurbin. A watan Yunin 2023 kuma Red Hat ta daina ajiye rubutun tushen RHEL a inda kowa ke ɗiba, AlmaLinux ta haƙura da zama kwafi sak, ta koma neman dacewa kawai. Can kamfani ne da kasuwarsa. Debian ba kamfani ba ce, shi ya sa ban jin tsoron irin wannan daga gare ta, amma ita ma in ta yanke shawarar daina tallafa wa wani irin inji ba za ta jira izinin rassa ba.

Sauran duk zumunci ne, kuma zumunci a ƙafa yake. Wajen 2010, lokacin shugabancin Stefano Zacchiroli, Debian ta buɗe teburin karɓar rassa, inda mai reshe zai zo ya tambayi yadda zai miƙa aikinsa, daga baya aka fara ƙidayar rassan da tattara facinsu don mai kula da ƙunshi ya ga abin da aka canza masa a waje. Akwai ƙa'idar rubuta kan faci da ake kira DEP-3: wa ya rubuta, don me, an tura sama ko ba a tura ba. Akwai kuma wani ɗan fayil a cikin /etc/dpkg/origins inda reshe ke rubuta sunansa, sunan uwarsa, da adireshin da za a kai masa ƙorafi. Ni da wannan fayil nake fara auna tarbiyyar reshe. In na buɗe na ga har yanzu Debian ce a rubuce, na san masu shi sun shirya cin suna su bar wa wasu wanke-wanke.

Waɗanda suka iya zama da uwa suna nan. Kali, da ta fito a 2013, tana da masu haɓakawa da su kansu 'yan Debian ne, kuma kayan binciken tsaro da yawa a cikin Debian ake kula da su sannan su gangaro. Tails, wani reshen Debian, ta mayar da rage bambancinta da Debian manufa, domin ta san 'yan mutane kaɗan ba za su iya ɗaukar kaya mai yawa ba. Kamfanin Valve, da ya gina SteamOS 3 a kan Arch, wani nau'in Linux mai zaman kansa, ya shiga ɗaukar nauyin wasu ayyukan gina ƙunshi da sa hannun tsaro na Arch a 2024. Tsawaita kulawar Debian zuwa shekara biyar, da aka fara a 2014, kuɗin kamfanonin da ke amfana ne ke biyan masu yinsa ta hannun wani kamfani mai suna Freexian. Ba tausayi ke sa su ba. Facin da ka tura sama aka karɓa ya sauka daga kanka har abada, wanda ka riƙe kuwa sai ka sake ɗinka shi duk lokacin da uwa ta motsa. Akwai kuma zaman da ake yi da tsami, kamar na Arch da reshenta Manjaro: Manjaro na jinkirta ƙunshi na ɗan lokaci don gwaji, masu amfani da ita kuma suna ɗiba daga AUR, rumbun da masu amfani da Arch ke cikawa, wanda aka tsara don Arch ta yau, sai abubuwa su riƙa karo. Shi ya sa 'yan Arch suka tsaya kai da fata cewa Arch kaɗai suke tallafa wa.

Ko a cikin gida ɗaya ma kulawa ba ɗaya ba ce. Sigar Ubuntu mai dogon zango shekara biyar Canonical ke gyara ɓangaren rumbun da ake kira main, amma universe, inda mafi yawan ƙunshi suke, a hannun al'umma yake sai ga mai rajistar Ubuntu Pro. Xubuntu da Lubuntu, duk da na hukuma ne, shekara uku suke alkawari. Hatimin hukuma dai yana nufin ana gina abin daga rumbun Ubuntu kuma an amince da masu riƙe da shi. Ubuntu Budgie, Ubuntu Unity da Ubuntu Cinnamon duk daga waje suka fara, sai da aka ga sun jure aka shigo da su, a 2016, 2022 da 2023.

Rassa kuma suna mutuwa. CrunchBang ta tsaya a 2015 da mai ita ya ce ya gama, Antergos ta bi a 2019. Dukkansu sun yi sallama cikin mutunci, wasu kuma suka ɗauki tutar, BunsenLabs da EndeavourOS. Da yawa ba sa sallama, sai dai ka wayi gari ka ga shekara guda babu motsi. Don haka ka duba naka: mutum nawa ne ke da ikon saka ƙunshi a rumbunsu, yaushe suka saka na ƙarshe, kuma security.debian.org na cikin jerin rumbunan injinka ko babu. In yana ciki kuma abin da suka taɓa bai wuce fuska da ado ba, ka kwantar da hankalinka, ko sun ɓace gobe Debian na ciyar da kai. In kuwa sun riƙe kanel da burauza a hannunsu kuma mutum ɗaya ne, ni dai ba zan bar yara su shiga intanet da shi ba.

Batun haɗa naka reshen kuwa, Malam, niyyar ta yi kyau, amma ina ba ka shawara kada ka yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haɗa faifan girkawa mai tambarin makaranta aikin mako ɗaya ne da manhajar live-build. Abin da ke biyo baya shi ne shekaru na bin sanarwar tsaro, riƙe sabar, tsare mabuɗin sa hannu, da amsa wayar duk malamin da firintarsa ta tsaya. Tsare wurin saukewa ma aiki ne: a Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint aka mayar da mahaɗin saukewa zuwa gurɓataccen faifai, kuma su ba ƙananan 'yan wasa ba ne.

Abin da kake so za ka same shi ba tare da ka ɓalle ba. Ka bar Debian yadda take, ka haɗa ƙunshi ɗaya naka wanda ba ya rufe na kowa, aikinsa kawai ya jawo manhajojin da ɗalibai ke buƙata ya kuma ajiye saitunanku. Ka ware inji ɗaya ka sa masa apt-cacher-ng, yadda gyara zai sauko sau ɗaya sauran goma sha bakwai su ɗiba daga gare shi, data ta huta. Ka kunna unattended-upgrades, mai saka gyaran tsaro da kanta. Wannan hanya ce Skolelinux ta bi. A Norway aka fara ta a 2001 don makarantu, daga baya ta haɗe da Debian Edu, ta zama aikin cikin gida da duk ƙunshinsa ke zaune a rumbun Debian.

Hausar kuwa, sama za ka kai ta. Dalilin da ya sa yau za ka iya zaɓar allon rubutun Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ a Debian, Fedora, Arch da duk 'ya'yansu shi ne wani ya saka shi a xkeyboard-config, tushen da kowa ke sha, har da tsarin Najeriya da na Ghana. Haka saitin harshe na ha_NG yake zaune a cikin glibc, wani tushen da su ma duk suke sha. Da a wani reshe aka ɓoye su, da sun mutu tare da shi. Kalma ɗari biyar da ka fassara a LibreOffice ko GNOME ko Xfce ta hanyar ƙungiyoyin fassararsu za ta isa Zinder da Kumasi ba tare da ka riƙe sabar ko ɗaya ba.

Mu koma kan firintarka. Ka duba ƙunshin nan uku kamar yadda na nuna. Sannan ka buɗe /var/log/apt/history.log ka ga ainihin abin da ya canza ranar da ta tsaya. In akwai wutsiyar reshe a jikin ɗaya daga cikinsu, kai ƙara wurinsu, ka haɗa da sunan firintar, lambobin sigar kafin da bayan sabuntawa, da abin da ke cikin /var/log/cups/error_log. In duk na Debian ne, sauko da faifan Debian mai tashi daga filasha, na siga ɗaya da wadda reshenka ya dogara a kai, ka tayar da inji ɗaya da shi, ka sabunta, ka jona firintar. Ta yi aiki a can, matsalar ta reshe ce, a saiti ko a kanel. Ta ƙi a can ma, to ka samu shaidar da ɗan Debian ke so: daga cikin wannan Debian ɗin ka buga reportbug cups, ka faɗi gaskiya cewa a reshe ka fara gani amma ka tabbatar a kan tsantsar Debian. Ka kuma aika wa masu reshen lambar rahoton don su bi sawu. Kafin gyara ya fito, in tsohuwar sigar na nan a /var/cache/apt/archives, mayar da ita a kan inji ɗaya kawai da ke jone da firintar, ka rubuta a takarda ka manna a jikin allon cewa ka riƙe wannan ƙunshin, da kwanan wata.